Sauke injin 504 mai esi: a saki gas ɗin ko a bar shi?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da Peugeot 504 salun, ƙirar Kaduna, ta mahaifinmu ce, ita nake son in tayar. Injin ya fara shan baƙin mai, yana hayaƙi, kuma in ya yi zafi ana jin ƙwanƙwasa can ƙasa. Bakaniken da ya duba ya ce sai an sauke inji. Damuwata ita ce motar tana da esi, kuma yana aiki. Ba wani sanyi ne na a zo a gani ba, amma yana hana gumi. Shi bakanike cewa ya yi a kwance tiyo a saki gas ɗin, in an gama aiki a ɗura sabo. Raina bai kwanta da wannan ba. Don Allah wanda ya san aikin ya faɗa mini, dole ne sai an saki gas kafin injin ya fito?

Oga Mai Esi:
Wa alaikumus salam. Ba dole ba ne. Esi ba cikin inji yake ba. Abu ɗaya ne kawai nasa ke ɗaure a jikin injin, wato kwamfaresa. Kwandansa, wato mai huce zafin gas, tana gaban lagireto, diraya tana jikin bodi, mai fitar da sanyin tana ƙarƙashin dashbod. Sai ka sassauta bel, ka zare wayar kulocin kwamfaresa, ka kwance notikan da suka riƙe ta a buraket, ka ɗauke ta da tiyoyinta a jiki ka ɗaure ta gefe. Ba ka taɓa ko noti ɗaya na layin gas ba. Ka fara turo mana hoton cikin bonet mu ga yadda aka bi da tiyoyin.

Bakanike na Buzaye:
Oga, faɗi da baki kam da sauƙi. Mu da ka shiga ƙarƙashin mota mun san abin da kwamfaresa mai lilo ka yi. Ga injin na tahowa sama bisa cen bulok, ga yara biyu na turawa, ga wani ƙarhe rataye da waya shina tokare ka. In tiyo ya tsage sai a ce bakanike ya ɓata esi. Shi ya sa da yawanmu mun hi son a saki gas a cire komai, wuri shi yi hili. Gwangwanin gas nawa ne?

Oga Mai Esi:
Gwangwani ba shi ne tsadar ba, abin da ke biyo bayansa ne. Da ka buɗe layin nan, iska ta shiga, iska kuma da danshi take tafe. Cikin diraya akwai wasu 'yan ƙwayoyi da aikinsu shi ne tsotse danshi, in sun sha iskar waje na kwanaki sun ƙoshi, sun gama amfani. Ke nan ga kuɗin sabuwar diraya. Ga oring na duk inda aka kwance. Ga bakyum, wato a jona injin zuƙe iska na aƙalla rabin awa kafin a ɗura gas. Wanda ya tsallake wannan, ruwan da ya rage zai je ya daskare a bakin bawul ɗin da ke fesa gas, sai ka ga esi ya yi sanyi minti goma ya ɗauke, ka kashe ya huce, ka kunna ya dawo. Kuma tsohon noti da ya shekara talatin bai motsa ba, ba kullum yake kwancewa lafiya ba. Na sha ganin bakin kwandansa ya murɗe ya biyo sufana.

Kawu Direba:
Ɗana, mi za ka yi da esi ga 504? Mun yi jigila da motag ga, Sakkwato zuwa Illela, Sakkwato zuwa Gusau, gilashi ƙasa, iskar Allah na shigowa, babu wanda yam mutu. Tunda injin za shi hito, kwashe tarkacen nan duka ka aje ɗaki. Mota ta huta, mai shi ragu, lagireto shi sha iska ba tare da an sa mai wani abu gaba ba.

Inna Mai 505:
Kawu, Allah shi ba ka haƙuri, kai gaba kake zaune kusa da taga. Ka tambayi matan da ke kujerar baya da goyo cikin watan Afrilu, rana ta wuce digiri 40, ana tsaye a layin mai. Ɗan Mabera, kar ka cire esinka.

Kawu Direba:
Hajiya, na ji, na yi shiru. Amma ku tuna na hwaɗi in ta fara tahasa.

Malamin Kwaleji:
Kafin a yi nisa, akwai tambayar da ba a yi ba: wane gas ne a ciki? Motocin da aka yi kafin farkon shekarun 1990 da R12 suke aiki, wanda ake kira Freon. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ce ta sa aka daina shi saboda yana cin rufin ozon da ke tare mana hasken rana mai cutarwa. Ƙasashen da suka ci gaba sun daina yin sa tun 1996, ƙasashe irin namu kuma wa'adinsu ya cika a farkon 2010. R134a ne ya gaje shi a motoci. To 504 a Faransa aka fara ta a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya fara harhaɗa motoci a 1975 ya ci gaba da yin ta har bayan shekarar 2000. Saboda haka cewa 504 kawai bai gaya mana komai ba, akwai ta zamanin R12 akwai ta zamanin R134a. In R12 ne a ciki kuma yana aiki, wanda ya sake shi ya zubar da abin da ba zai samu na gaskiya cikin sauƙi ba.

Ɗan Mabera:
Malam, ta yaya zan gane? Ga hotuna na turo. A jikin kwamfaresar an rubuta Sanden SD-508. Ban tashi na ga ranar da aka sa esin ba, amma yayana ya ce bayan an sayi motar ne aka kai ta aka haɗa.

Oga Mai Esi:
Na ga hotunan. SD-508 mai fistan biyar ce, ta zamanin R12, ita ce aka fi ɗaura wa motocin da ba su zo da esi daga kamfani ba. Ƙanwarta ta zamanin R134a ita ce SD5H14, jikinsu kusan ɗaya. Bakin ɗura gas ɗinka kuma mai zare ne irin na bawul ɗin taya, shi ma na R12 ne, don na R134a ƙulla shi ake yi ba murɗawa ba. Amma kar ka yi murna tukuna. A nan garin mutane da yawa ta wannan tsohon bakin suke ɗura R134a ba tare da sun canza komai ba. Yaushe rabon da a ƙara mata gas?

Ɗan Mabera:
An ƙara mata bara, kafin azumi.

Oga Mai Esi:
To ka cire rai da R12 zalla. Ko dai R134a ne, ko gauraye.

Bakanike na Buzaye:
Kun gani ko? Ashe abin da a ka ta lallaɓawa ma ba na asali ba ne. A sake shi kawai.

Malamin Kwaleji:
Ko ba na asali ba ne ba a sakinsa haka kawai, Bakanike. R134a ba ya cin ozon, amma wajen ɗumama duniya kilo ɗaya nasa ya kai kilo 1,430 na hayaƙin kabon. Na R12 ya haura 10,000. Abin da ya dace shi ne a kwashe shi da injin kwashe gas a zuba a tukunya. Bar ma batun duniya, mu zo kan yaron da za a ce ya kwance notin. Mota a kashe, a inuwa, in zafin gari ya kai digiri 35 zuwa 40, ƙarfin gas ɗin cikin layi ya wuce 100 a geji, iskar taya kuwa wajen 30 ce. Yana fitowa da sanyin da ya kai digiri 26 ƙasa da sifili, da mai a tare. In ya samu ido, magana ta ƙare. In kuma akwai mai walda kusa, gas ɗin nan in ya bi ta cikin wuta hayaƙi mai guba yake zama.

Bakanike na Buzaye:
Malam, injin kwashe gas ɗin nan, shago nawa kag gani da shi?

Oga Mai Esi:
Gaskiyarka, ba kowane shago ke da shi ba. Wannan ma wani dalili ne na a bar layin a rufe. Sannan akwai abin da ya fi ba ni tsoro: ba mu san me aka ɗura bara ba. Akwai masu sa gas ɗin firij R600a a mota don yana da araha, shi kuwa ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kamawa da wuta. Ka sake shi a gareji, wani na shan taba, wani na gwada filogi?

Mai Marsandi Arkilla:
Ni tawa Marsandi ce 230, irin W123 da aka yi daga 1976 zuwa 1986. Da aka sauke injina da giyabos ɗinsa aka ciro shi tare, ya fito a karkace, hanci sama wutsiya ƙasa. Ba mu saki gas ba. Abin da ya cece mu shi ne falankin da aka jingina a bayan kwandansa bayan an cire lagireto. Da injin ya yi lilo gaba, fulin shaf ya daki katakon har ya bar shaida. Da babu shi kwandansa ce za ta sha wannan dukan. Kwali ma yana yi, amma a ninka shi.

Bakanike na Buzaye:
Alhaji, 504 daban take. Mu ba mu cika ciro ta da giyabos ba, don giyabos ɗin haɗe yake da wani babban bututu da yat tahi har aksul ɗin baya. Ana sa jak a tallabe shi, a kwance notikan da sunka haɗa shi da inji, sai a jawo injin gaba shi rabu da shaf ɗin kuloci kahin a ɗaga. To wanga jawowa gaba ita ta matsala. Ina za shi matsa in kwandansa na nan? Ga shi kuma injin 504 ba tsaye yake ba, kwance yake gefen dama da digiri 45, in ba ka iya ɗaure sarƙa ba shina barin wurin zamanai sai shi juya.

Oga Mai Esi:
In ka cire lagireto da fanka da bel-bel, filin da ya rage ya ishe ka ka ja shi gaba. Kwandansa siririya ce, can gaba take. Kwanciyar injin ma taimako ce a nan, tunda a hoton kwamfaresar tana gefen direba inda wuri yake a buɗe, ba a ƙarƙashin salansa ba.

Ɗan Mabera:
Na sake leƙawa yanzu da tocila. Akwai abu biyu. Na farko, kwandansar ba a jikin bodi aka ɗaure ta ba, da wasu 'yan ƙarafa huɗu aka maƙala ta a jikin lagireton kansa. Na biyu, babban tiyon da ya fito daga kwamfaresa, wajen da aka matse shi da ƙarfe, ya yi baƙi da maiƙo, ƙura ta manne.

Bakanike na Buzaye:
Madalla. Oga Mai Esi, bismilla.

Oga Mai Esi:
Na farkon ba komai ba ne, aikin masu haɗawa a waje ne, haka suke yi. Ka kwance ƙarafan daga jikin lagireto, kafin ka zare na ƙarshe ka ɗaure kwandansar da waya a jikin ƙarfen gaban mota, sama da ƙasa, ta yadda ba za ta rataya a kan bututunta ba. Sannan ka zare lagireto a hankali ta sama. Tunda ma bayanta zai buɗe, ka samu iska ko ruwa mara ƙarfi ka wanke ta daga baya zuwa gaba. Za ka sha mamakin ƙurar hunturu da ciyawar da ke maƙale tsakaninta da lagireto. Rabin zafin injin da Kawu yake tsoro daga nan yake zuwa.

Na biyun ne magana. Man kwamfaresa tare da gas yake yawo, duk inda ka ga maiƙo da ƙura a layin esi, nan gas ke bi yana fita. Shi ya sa aka ƙara mata bara. Tiyon nan ya kusa, kuma tsohon tiyon da ya bushe ba ya son a lanƙwasa shi.

Inna Mai 505:
To ke nan maganar bakanike ta fito? Tunda dole a canza tiyo, ai dole a buɗe.

Oga Mai Esi:
Za a buɗe, Hajiya, amma ba yanzu ba. Aikin inji ba na yini ɗaya ba ne. Za a kai shaf wurin yanka, a jira metal, wato ƙarafan da shaf ke juyawa a kansu, wataƙila sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman wani abu. Duk tsawon wannan lokacin kina so layin esi ya zauna a buɗe a gareji, ƙura na shiga? In a rufe yake, ko gas ɗin ya ragu, muddin akwai sauran ƙarfi a ciki iskar waje ba ta shiga. A bar shi. Ranar da inji ya koma ya tashi, a kawo mota wurin mai esi, a buɗe, a canza tiyo da diraya, a yi bakyum, a ɗura, duk a zama ɗaya.

Malamin Kwaleji:
Na yarda da wannan tsarin. In an zo yin aikin kuma a yi shi gaba ɗaya. R12 da man ma'adini yake tafiya, R134a kuwa ba ya ɗaukar wannan man, sai PAG ko ester. Wanda ya ɗura R134a a kan tsohon mai, kwamfaresa tana aiki ne da ƙarancin mai. A juye tsohon, a wanke layi, a sa man da ya dace, a sa koren oring. Kuma ba a cika shi daidai da tsohon awo, wajen kashi 80 cikin 100 na nauyin R12 ake sawa. Da sikeli, ba da taɓa bututu da hannu ba.

Yaron Oga:
Malam, ni ina koyo ne. In na sa geji na ga ya nuna sama da 100 mota a kashe, ba shi ke nan gas ya cika ba?

Malamin Kwaleji:
A'a, ƙanena. Muddin akwai ɗan ruwan gas a cikin layi, ko kwata ne ya rage, geji zai nuna kusan abu ɗaya, don zafin gari yake bi ba yawan gas ba. Abin da yake gaya maka kawai shi ne layin bai zama fanko ba. Sai inji na aiki, kwamfaresa ta kama, sannan allurai biyun suke faɗin gaskiya.

Oga Mai Esi:
Wannan ya tuna mini da abu mafi muhimmanci. Ɗan Mabera, tunda injinka yana tashi har yanzu, kafin a taɓa ko noti ɗaya ka kira mai esi ya sa geji a gaban bakanikenka. A rubuta abin da allurai suka nuna, a ɗauki hoton tiyon nan mai maiƙo. In ba haka ba, ranar da esi ya ƙi sanyi bakanike zai ce dama can a lalace yake, mai esi ya ce bakanike ne ya ja tiyo, kai kuma ka biya su duka biyun.

Bakanike na Buzaye:
Wagga kam na sa hannu. In an nuna mani tsagar tun hwarko, ba ni da fargaba. Kuma in gaskiya za a bi, abin da ka sa mu ce a saki gas ke nan, gudun rigima. To ni ma ga nawa sharaɗi: mai esi shi zo da kainai shi ɗaure kwamfaresar. Kada a rataye ta bisa tiyo, a ɗaura ta ga bodi, a sa tsumma ƙarƙashi.

Oga Mai Esi:
Na yarda. Kuma a ɗaure ta yadda take zaune a mota, kar a kifa ta. In za a mayar, a juya farantin gabanta da hannu kamar sau goma kafin a sa bel, don man da ya taru ya watsu.

Mai Marsandi Arkilla:
Oga, wani ya ce mini akwai kwamfaresar da ake cirewa gaba ɗaya gas bai fita ba. Gaskiya ne?

Oga Mai Esi:
Akwai. Wasu tsofaffin York, masu tsayi da nauyin nan, suna da bawul biyu a ka da ake murɗawa a rufe layi, sai ka cire kwamfaresar, ɗan abin da ke cikinta ne kawai zai fita. Ta Ɗan Mabera ba ta da wannan.

Kawu Direba:
Tunda kun ƙi jin tawa, to ga wadda za ta amfane ku. Buraket ɗin esi na haɗin waje, da wasoshi a ka daidaita shi, nan biyu can uku. In yara sunka zube su wuri guda cikin gwangwani, ranar ɗaurawa fuli ba shi zama layi ɗaya da na shaf, bel shi riƙa kuka shina tsinkewa. Kowane noti a maida mai wasoshinai, a ɗaure da waya. Kuma a zana wurin hinjin bonet kahin a cire shi. Sannan ɗana, silif da fistan da ringi saiti guda a ka sayen su ga 504, kada wani shi ce maka ringi kaɗai ya isa.

Bakanike na Buzaye:
Kawu ya hwaɗi gaskiya. In ƙara da wayar as da ke tsakanin inji da bodi, ita a ka mantawa sai injin ya tashi sama a ji ta tsinke.

Ɗan Mabera:
Jama'a, ga yadda aka yi. Mai esi ya zo ya sa geji, ya ce gas ya yi ƙasa amma kwamfaresa lafiyarta lau. Shi ya ɗaure ta da kansa a gefen direba, aka ɗaure kwandansa, aka jingina falanki. Injin ya fito, babu abin da ya huje. Tiyon da ake tsoro bai ƙara tsagewa ba. Metal ɗin fistan na uku ne ya cinye, an tafi da shaf wurin yanka. Yanzu wata magana ta taso: bakanike ya ce in shaf ɗin ya wuce yanka, akwai wani injin 504 da ya gani na sayarwa, sai dai a ɗaura shi.

Oga Mai Esi:
In haka ta faru, kar ka bari a tafi da tsohon injin sai ka cire fulin shaf da buraket ɗin kwamfaresa da notikansa. Injin da bai taɓa ɗaukar esi ba fulinsa ba shi da layin bel ɗin kwamfaresa, kuma samun irin naka a kasuwa sai an sha yawo.

Bakanike na Buzaye:
A jira dai mai yanka shi auna tukuna. In bai taɓa shan yanka ba, akwai sauran nama ga shaf ɗin.